Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi: Kiɗan Ayilan a Hannun Masu Aro

Duk wanda ya kalli fim ɗin Titanic na 1997 zai tuna wurin nan da Jack ya janye Rose daga teburin masu hannu da shuni, ya gangara da ita can ƙasan jirgi inda talakawa ke cashewa. Ana goga goge, ana dukan bandiri, ana matsa wata irin algaita mai salka, ƙafafu suna dukan katako. Da yawanmu a nan muka fara jin kiɗan gargajiyar ƙasar Ayilan, ko da ba mu san sunansa ba a lokacin. Ƙungiyar da ta yi wasan, Gaelic Storm, ta yi suna a dalilinsa, fim ɗin kuma ya tara kuɗin da ya haura dala biliyan ɗaya. Amma mutanen da suka riƙe waɗannan kaɗe-kaɗe a ka da yatsu, kaka da kakanni, har suka iso kunnen masu shirya fim, ko sunan mutum ɗaya daga cikinsu mai kallo bai tashi da shi ba.

Mu ba makaɗa ba ne. Sana'armu rubuta manhaja, kuma mai karatu na iya cewa ina ruwan biri da gada. Dalili biyu suka sa muka tsoma baki. Na farko, babu sana'ar da ta kai tamu rayuwa a kan aro: kusan duk manhajar da ke wayarka an gina ta ne a kan aikin wasu mutane da suka bayar kyauta. Na biyu, irinmu ne suka gina dandamalin da duniya ke sauraren waƙa a kansu yau, don haka da hannunmu a cikin ɓarnar da za mu yi magana a kai.

Matsayinmu a taƙaice shi ne: aro halal ne, kiɗan da ba a aronsa ma ya kama hanyar kabari. Abin da muke ƙi shi ne aron da ke goge sunan mai kaya, ya kwashe riba, ya kuma koma yana nuna wa duniya ɓawo a matsayin ƙwaya. Yawancin fitattun ƙungiyoyin da ke ɗiba daga kiɗan Ayilan irin wannan aron suke yi, kuma tsarin kasuwar waƙa ne ya sauƙaƙa musu.

Su wa suka riƙe kayan?

Kiɗan gargajiyar Ayilan da kunne ake koyonsa. Yaro ya zauna kusa da kawunsa ko maƙwabci, ya saurara, ya kwaikwaya, har hannu ya faɗa. Shi ya sa za ka tarar da kiɗa da yawa suna ɗauke da sunan mutumin da aka ji su a wurinsa ko na ƙauyen da suka fito. Sunan kiɗan kansa tarihi ne.

Ba cikin daɗi aka riƙe shi ba. A 1792 aka tara tsofaffin makaɗan garayar Ayilan a Belfast, mafi yawansu makafi, aka ɗauki wani matashi mai suna Edward Bunting ya rubuta abin da suke kaɗawa, don an ga sana'ar na shirin ƙarewa. Daga 1845 zuwa 1852 babbar yunwa ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, wasu kamar haka suka bar ƙasar, kuma yankunan da suka fi jin jiki su ne na yamma, inda harshen Ayilan da waƙoƙinsa suka fi ƙarfi. A Shikago ne wani ɗan gudun hijira, Francis O'Neill, wanda ya kai matsayin shugaban 'yan sandan birnin, ya bi makaɗa ɗaya bayan ɗaya ya tattara kiɗa 1,850 a littafin da ya fitar a 1903. A New York ne Michael Coleman, mai goge daga Sligo, ya naɗi faya-fayen da suka koma gida suka zama abin koyi. A 1935 gwamnatin Ayilan ta yi dokar da ta wajabta lasisi kafin a yi taron rawa, abin da ya gurgunta raye-rayen cikin gida da na mararrabar hanya inda kiɗan ke numfashi. Sai a 1951 wasu masu kishi suka kafa Comhaltas Ceoltóirí Éireann a Mullingar don a ceto abin da ya rage. A wancan zamanin, a idon 'yan birni, wannan kiɗan ƙauyawa ne da matalauta.

Daga nan kasuwa ta buɗe. A 1961 'yan'uwan nan Clancy tare da Tommy Makem suka fito a shirin talabijin na Ed Sullivan a Amurka. A 1962 The Dubliners suka taso daga mashayar O'Donoghue a Dublin, The Chieftains ma a shekarar suka kafu. Planxty ta zo a 1972, The Pogues a Landan a 1982, Riverdance a 1994, sai ƙungiyoyin Amurka irin su Dropkick Murphys da Flogging Molly da suka haɗa shi da kiɗan hayaniya na zamani. Abin da aka raina jiya ya zama haja.

Mutum biyu

Don kada maganar ta tsaya a iska, ga mutum biyu.

Joe Heaney ɗan Carna ne a yankin Connemara, an haife shi a 1919. Gwani ne na tsohon salon waƙa da ake kira sean-nós, wanda mutum ɗaya ke rerawa ba tare da kayan kiɗa ba, yana lanƙwasa murya yadda ya gada. A wurinsa The Dubliners suka samo waƙar Seven Drunken Nights. A 1967 waƙar ta kai mataki na 7 a jerin waƙoƙin da aka fi saye a Birtaniya, duk da gidan rediyon gwamnatin Ayilan ya ƙi sa ta. Ita ta buɗe wa ƙungiyar ƙofar duniya. Shi kuwa Heaney ya yi shekaru yana aikin tsaron ƙofa a wani dogon bene a New York. Sai can ƙarshen rayuwarsa jami'o'in Amurka suka gane darajarsa, ya koyar a Seattle, inda ya rasu a 1984.

John Reilly ɗan al'ummar matafiya ne ta Ayilan, waɗanda ake kira Travellers, mutanen da aka sani da yawo da ƙirar kwano, waɗanda aka daɗe ana ƙyama, kuma sai a 2017 gwamnati ta amince da su a matsayin ƙabila mai zaman kanta. Wani matashi mai tattara waƙoƙi, Tom Munnelly, ya naɗi muryarsa a garin Boyle a shekarun 1960. A bakinsa aka tsinci wata tsohuwar waƙa da masana suka ɗauka ta daɗe da ɓacewa daga bakin mutane. Ita ce The Well Below the Valley, wadda Planxty ta sa wa kundinta na 1973 sunanta. Wasu waƙoƙin da suka ɗaga Christy Moore da Planxty ma daga gare shi suka fito. Reilly bai ga ko ɗaya ba. Ciwon huhu ya kashe shi a 1969, cikin talauci, bai kai shekara hamsin ba.

Adalci ya sa mu faɗa: 'yan Dubliners abokan Heaney ne, ba su ɓoye inda suka samo waƙar ba, Christy Moore kuma ya shafe rayuwarsa yana ambaton John Reilly a gaban jama'a. Wannan ne ma ya sa misalan suka fi ciwo. Idan a hannun masu mutunci haka rabon ya kasance, yaya zai kasance a hannun waɗanda ba su taɓa jin sunan Carna ko Boyle ba?

Kalmomi biyu da ke raba gado

A bayan faifai, gefen sunan waƙa, akan ga an rubuta "Trad. arr." sannan sunan ƙungiya. Ma'anarsa: waƙar ta gargajiya ce, mu muka tsara ta. A dokar haƙƙin mallaka ta Ayilan da sauran Tarayyar Turai, haƙƙin mawallafi yana ƙarewa shekara 70 bayan rasuwarsa, abin da ba a san mai shi ba kuma ya daɗe yakan zama na kowa. Amma sabon tsari da aka yi wa tsohuwar waƙa yana da nasa haƙƙin. Saboda haka wanda ya ɗora jita da ganga a kan waƙar yana da kaso duk lokacin da aka sa ta a rediyo, shi kuwa tsohon da ya riƙe baitocinta shekara arba'in a ka, ya gyara, ya zaɓa, ya ba ta fasalin da aka ji aka so, doka ba ta san da zamansa ba. A idonta shi bututu ne kawai da ruwa ya bi ta ciki.

Dubi Whiskey in the Jar. Ta bi bakuna da yawa kafin The Dubliners su yaɗa ta. Thin Lizzy suka mai da ita kiɗan zamani a 1972, Metallica suka sake ta a 1998 har ta ciyo musu kyautar Grammy. Kowane mataki kuɗi ya ƙaru, kowane mataki kuma jerin sunayen da ke baya ya ƙara gajarta, har ya koma kalma ɗaya: gargajiya. Wannan kalma tana kama da girmamawa, amma aikin da take yi a takardar lissafi shi ne ta nuna babu wanda za a biya.

Yadda muke aro a tamu sana'ar

Mu ma muna da dukiyar kowa-da-kowa, wato manhajojin buɗaɗɗen tushe da mutane ke rubutawa su saki kyauta. Amma mun daɗe da gane cewa kyauta ba ta nufin babu mai ita. Lasisin MIT, wanda yana cikin mafiya sassauci, ya yarda ka ɗauka, ka canza, ka sayar, da sharaɗi guda: kada ka cire sanarwar sunan masu aikin. Lasisin GPL da Richard Stallman ya fitar a 1989 ya ƙara da cewa in ka gina a kai ka rarraba, dole ka buɗe naka kamar yadda ka tarar da na wasu a buɗe. Manhajar Git da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005 tana ajiye tarihin kowane layi: wa ya rubuta, yaushe, don me. Ɗalibin ilimi da ya san darajar isnadi ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Kuma mun ɗanɗana sakamakon ɗiba ba mayarwa. A 2014 aka gano ɓarakar nan ta Heartbleed a OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin wani babban kaso na shafukan intanet. Sai duniya ta farga cewa manyan kamfanoni masu biliyoyin daloli sun jingina ne a kan aikin 'yan tsirarun mutane, mafi yawansu 'yan sa-kai, waɗanda gudummawar da ke shigo musu ba ta taka kara ta karya ba. Kowa na jan ruwa, babu mai yashe rijiya. Abin da ya faru da mu ke nan, kuma shi ke faruwa da duk wata al'ada da kasuwa ta gano tana da daɗi.

Hujjojin masu kare su

Za a ce gargajiya ba ta da mai ita, su kansu tsofaffin ai aro suka yi. Gaskiya ne, har ma ta wuce haka. Banjo, wanda Barney McKenna na Dubliners ya sa ya zama kamar ɗan gida, asalinsa daga bayin Afirka ta Yamma ne da aka kai nahiyar Amurka, dangin su gurmi da garaya ne. Buzuki daga Girka Johnny Moynihan ya shigo da shi a shekarun 1960. Lokacin da Dominic Behan ya zargi Bob Dylan da ɗauke masa karin The Patriot Game ya yi With God on Our Side, an tuna masa cewa shi ma a tsohon kari ya ɗora tasa. Amma duk wannan yana nuna cewa sarƙar tana da tsawo ne, bai nuna a tsinke ta ba. A zaman kiɗa na gargajiya, makaɗi yakan faɗi wanda ya ba shi kiɗan kafin ko bayan ya kaɗa. Wannan ita ce dokar cikin gida. Wanda ya fake da cewa kayan na kowa ne, sannan ya yi rajistar tsarinsa da sunansa shi kaɗai, ya ci moriyar dokoki biyu: ta gargajiya lokacin ɗauka, ta kasuwa lokacin karɓa.

Za a ce ai waɗannan ƙungiyoyi su suka ceci kiɗan, ba don su ba da matasa ba su waiwaye shi ba. Akwai ƙamshin gaskiya. Mutane da yawa ta ƙofar The Pogues suka shiga har suka kai ga Heaney. Amma mai tallan kaya daban, mai noma shi daban. A 1968, lokacin da masu kaɗa algaitar nan mai salka suka ragu ƙwarai, su da kansu suka kafa Na Píobairí Uilleann suka shiga koyar da yara da horar da masu ƙera ta, har UNESCO ta sa ta a jerin kayan gadon duniya a 2017. Rumbun adana kiɗan gargajiya na Ayilan da aka kafa a Dublin a 1987, da azuzuwan mako-mako a ƙananan garuruwa, da makarantar bazara ta Willie Clancy a Miltown Malbay, su ne gonar. Fitilar dandamali ba ta taɓa koya wa yaro riƙe goge ba.

Za a ce mai sauraro bai damu ba, daɗi yake nema. Mai sauraro bai damu ba ne domin ba a taɓa nuna masa akwai abin damuwa ba. Ba ka tambayar sunan mutumin da aka ce maka babu shi.

Ɓawo a madadin ƙwaya

Ɓarna ta biyu ba ta kuɗi ba ce. Abin da kasuwa ta zaɓa daga kiɗan Ayilan ɗan yanki ne: sauri, ihu, waƙar giya, amshin da taro zai iya yi ko a buge. Abin da ta bari shi ne mafi yawa. Ta bar waƙoƙin makoki da na ƙaura masu tafiya a hankali. Ta bar harshen Ayilan kusan gaba ɗaya. Ta bar bambancin salo tsakanin gogen Donegal mai kaifi, na Clare mai natsuwa, na Sligo mai ado, da kiɗan rawar Sliabh Luachra. Aka niƙa duka aka fitar da gari ɗaya mai launin kore, wanda ake tallatawa duk ranar 17 ga Maris daga Boston har Tokyo. Al'ummar da Turawan Ingila suka daɗe suna zanawa a matsayin mashaya masu rigima, sai ga shi da kiɗanta ake sake buga wannan hoton, ana kuma kiran abin girmamawa.

Rashin ambaton tushe har ruɗani yake haifarwa a ɗaya ɓangaren. Dirty Old Town, wadda miliyoyi ke ɗauka tsohuwar waƙar Ayilan ce, Ewan MacColl ne ya rubuta ta a 1949 a kan garin Salford na Ingila. Baitocin Danny Boy wani lauya Baturen Ingila ne, Frederic Weatherly, ya rubuta su, daga baya aka ɗora a kan tsohon karin da Jane Ross ta tsinta a Limavady. The Fields of Athenry, da ake rerawa a filayen ƙwallo kamar ta shekara ɗari biyu, Pete St. John ne ya yi ta a shekarun 1970. Inda aka saba goge suna, rayayyen marubuci ma sai a binne shi a cikin kalmar gargajiya.

Ana iyawa

Kada a ce abin da muke nema ba ya yiwuwa. A 2017 Ed Sheeran ya gina Galway Girl a kan wani kiɗa na ƙungiyar Beoga. Masu kishin gargajiya da yawa sun yi wa waƙar ba'a, kuma ba mu zo kare daɗinta ba. Amma ya kira su suka yi aikin tare, aka rubuta sunayensu cikin marubutan waƙar, suna da kasonsu. Ƙungiyar Lankum ta Dublin, wadda ke jan tsofaffin waƙoƙi zuwa wani irin sauti mai nauyi da babu tsohon da ya taɓa mafarkinsa, ta shahara da faɗin bakin da ta ji kowace waƙa, ciki har da mawaƙan al'ummar matafiya. Ba su rage komai na sabunta ba don sun ambaci tushe. Ka canza kayan yadda ka ga dama, amma ka bar sunan a jiki.

Namu laifin

A zamanin faifai da kaset, akwai takardar da ke cikin kwali, inda mai gaskiya zai rubuta cewa wannan waƙa a wurin wane na koye ta, a gari kaza. Da waƙa ta koma waya, takardar ta faɗi a hanya. Rumbunan bayanan da irinmu suka tsara suna da gurbin mawaƙi, gurbin marubuci, gurbin mai shiryawa, gurbin kamfani. Gurbin "daga bakin wa aka koya" ba ya cikin waɗanda mai sauraro ke gani. Ba mugunta ce ta sa ba, an tsara su ne don raba kuɗi, wanda doka ba ta ba kaso ba kuwa bai samu layi ba. Amma abin da ba shi da gurbi a rumbun bayanai, bayan ƙarni ɗaya kamar bai taɓa faruwa ba ne.

Abin kunyar shi ne 'yan sa-kai sun riga sun nuna hanya. Chris Walshaw ya ƙirƙiro tsarin ABC na rubuta kiɗa da haruffan allon kwamfuta. Jeremy Keith, mai gina shafukan intanet, ya kafa dandalin The Session, inda makaɗa suka zuba dubban kaɗe-kaɗe, kowanne da sunayensa daban-daban, da mahawara a kan wa ya yi shi da wa ya fara naɗarsa. Abin da mutum ɗaya da jama'arsa suka iya, kamfanonin da ke da dubban injiniyoyi ba su da uzuri a kai.

Don haka buƙatunmu uku ne. Ƙungiyar da ta ɗauki waƙa ta faɗi bakin da ta ji ta, a kan dandamali da kuma a rubuce. Wadda ta ci riba da "Trad. arr." ta ware wani kaso ga iyalan mai waƙar in an san su, in ba a san su ba ga rumbunan adanawa da makarantun da ke koyar da yara. Mu kuma masu gina manhaja mu buɗe gurbin tushe, mu sa shi inda ido zai gani. Kai ma mai sauraro kana da naka: in waƙa ta burge ka, ka ba ta minti biyar ka nemi inda ta fito.

Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta ya san abin yi. Ranar da wani mai shirya kiɗa a Landan ko Legas zai yanko kalangun Shata ko kuntigin Ɗan Maraya Jos ya ɗora a kan nasa, ya rubuta "gargajiya" a gurbin mai shi, za mu so a ce akwai ƙa'idar da za mu kafa hujja da ita. Mutanen Ayilan sun riga mu shiga wannan kasuwa da shekara sittin, kuma John Reilly ya riga ya biya kuɗin darasin.